Nuna Mata, Ta Yi: Jagorar Koya wa Manhaja Aiki Ba da Rubuta Umarni Ba

A ƙarshen kowane zangon karatu, magatakardan makaranta yakan zauna gaban kwamfuta da fayilolin sakamako na azuzuwa, a ce guda 18, kuma abin da zai yi wa na farko shi zai yi wa na ƙarshe. Zai buɗe fayil, ya goge layuka biyu na sama da malamin aji ya cika da bayani, ya raba sunan ɗalibi da na mahaifinsa, ya tara maki, ya jera ɗalibai daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, ya kaurara rubutun kanun jadawali, ya adana da sabon suna, ya rufe, ya buɗo na gaba. Aiki ne da ba ya cin basira, haƙuri yake ci, kuma wajen aji na 12, sa'ad da ido ya gaji, nan kuskure yake samun ƙofa. Irin wannan maimaici dominsa aka ƙera kwamfuta, amma an daɗe ana ɗauka cewa sai wanda ya iya harshen rubuta manhaja ne zai iya ɗora mata shi. Akwai wata hanyar. Mutum yana iya yin aikin a gaban manhaja, tana kallo tana naɗa, daga nan ta karɓe shi. Hanya ce mai sauƙin shiga, mai amfani ƙwarai, amma tana da sharaɗi guda wanda duk wanda ya yi watsi da shi zai yi da-na-sani.

Yaron tela da ya shekara a shago yana kallo maigidansa ya auna ƙirjin wani mutum ya samu inci 40, ya yanka yadi daidai da haka. Gobe idan wani siriri ya zo, yaron ba zai yanka 40 ba, domin ya gane cewa awon na mai riga ne, abin da yake na sana'a shi ne a auna kafin a yanka. Ba wanda ya zaunar da shi ya faɗa masa, ya dai san amfanin riga. Manhaja ba ta san amfanin riga ba. Abin da ta gani shi ne 40, kuma 40 za ta yi ta yankawa har yadi ya ƙare. Hannunka take gani, nufinka yana ɓoye mata. Saboda haka gwanintar koyarwa ta hanyar nuni duka ta taru a wuri ɗaya: ka yi aikin ta yadda nufinka zai bayyana a cikin motsin hannunka, sa'an nan ka gwada ka tabbatar abin da ta ɗauka shi ne abin da ka nufa. Duk matakan da ke tafe rassan wannan magana ne.

Hanyoyi biyu na nuni

Dabarar ta girmi kwamfutar da ke kan teburinmu. A 1961 kamfanin General Motors ya girka wani hannun ƙarfe mai suna Unimate a masana'antarsa da ke New Jersey a Amurka, yana ɗauko ƙarfe mai zafi daga injin zubi. Akan bi da hannun wuri bayan wuri, yana adana kowane matsayi, daga baya ya riƙa maimaitawa shi kaɗai. A 1975 David Canfield Smith ya gabatar da Pygmalion a aikinsa na digiri na uku a Jami'ar Stanford, manhajar da mutum yake tsara mata aiki ta hanyar sarrafa alamomi a kan allo maimakon rubuta umarni. A 1991 Allen Cypher na kamfanin Apple ya fito da Eager, wadda take lura da mai aiki, idan ta ga ya soma maimaita abu sai ta shafa launin kore a kan abin da take tsammanin zai danna nan gaba, kuma sai ya ga hasashenta yana ta dacewa kafin ya sakar mata ragowar aikin.

Daga wannan tarihi rassa biyu suka fito, kuma wajibi ne ka san wanda ke hannunka. Na farko naɗa ne: ka danna maɓalli, ka yi aikinka, manhaja ta rubuta duk abin da ka taɓa, ta mayar da shi jerin umarnin da ake kira makro. Haka Excel yake yi, haka Google Sheets da LibreOffice, haka Actions na Photoshop, haka kuma Power Automate da ke zuwa tare da Windows 11, wanda yake iya naɗar aiki a tsakanin manhajoji daban-daban. Na biyu koyo ne daga misali: ka nuna abin da ya shiga da abin da kake so ya fita, manhaja ta laluɓo ƙa'idar da kanta. Mafi shahara a nan shi ne Flash Fill, wanda ya shigo Excel a fitowar 2013 daga binciken Sumit Gulwani na sashen bincike na Microsoft. Aibin na farko biyayya ce da ta wuce kima, zai maimaita har tuntuɓenka. Aibin na biyu zato ne, zai iya kafa ƙa'idar da ta dace da misalinka alhali ba ita ce a ranka ba.

Kafin a danna maɓallin naɗa

Matakin farko zaɓen aiki ne, kuma a nan masu farawa da yawa suke zamewa, domin sukan ɗauko aikin da ya fi gundurar su maimakon wanda ya fi dacewa. Aikin da ya dace yana da alamomi huɗu: yana dawowa a kai a kai, kayan aikinsa suna zuwa da siffa ɗaya kowane lokaci, babu inda ake tsayawa a yi shawara a cikinsa, kuma idan an yi kuskure ana iya komawa baya. Mai shagon hoto da ke rage girman hotuna 200 zuwa awo ɗaya ya adana su a wuri guda ya samu aikin da zai naɗa sau ɗaya, Photoshop ya yi wa dukan hotunan. Amma yanke hoton fasfo yadda fuska za ta zauna a tsakiya ba irinsa ba ne, domin wani ya sunkuyar da kai, wata ta karkata, wani hularsa doguwa ce, kowane hoto yana neman ido. Idan aiki ya haɗa iri biyun, a raba shi, a ba manhaja ɓangaren maimaici, mutum ya riƙe na shawara. Sai kuma lissafi mai sauƙi: aikin minti biyar da ake yi sau ɗaya a shekara bai cancanci awa biyu na koyarwa ba, amma aikin minti biyar da ake yi sau 18 kowane zango ya cancanta.

Mataki na biyu na takarda da biro ne. Ka yi aikin da hannu sau biyu a kan fayiloli daban-daban, kana rubuta kowane mataki da Hausa tsantsa, layi ɗaya mataki ɗaya. Da ka gama, sai ka bi jerin kana tambayar kowane layi: mene ne a nan ba ya canjawa, mene ne kuma yake canjawa? Layuka biyun sama da ake gogewa, shin kullum biyu ne, ko wani malamin yakan rubuta uku? Adadin ɗalibai lalle yana canjawa, wani aji 40, wani 63. Sunan fayil yana canjawa. Wurin da maki yake a jadawali bai kamata ya canja ba, idan kuwa yana canjawa, to gyaran farko a wajen malamai yake, a ba kowa fom iri ɗaya ya cika. Duk abin da ka ga yana canjawa ka ja masa layi, domin waɗannan su ne inci 40 na aikinka, wuraren da manhaja za ta ɗauki abin yau ta mayar da shi doka. Sa'an nan ka yi atisayen jerin har ya zauna a hannunka, saboda mai naɗa ba ya bambance aiki da kuskure. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na uku share fage ne. Kada ka taɓa koyarwa ko gwaji a kan fayil na asali, ka kwafe shi ka yi aiki a kan kwafin. Dalilin yana da ƙarfi: a Excel, abin da makro ya yi ba ya warwaruwa da Ctrl da Z kamar yadda aikin hannu yake warwaruwa, in ya goge layi ya goge ke nan. Ka kuma tsai da wurin farawa, wato wane fayil ne a buɗe, wane shafi ne a gaba, wane gurbi aka zaɓa, ka rubuta shi a saman takardarka. Makro da aka naɗa daga gurbin farko na jadawali, idan aka sake shi alhali an tsaya a tsakiya, zai iya zuba jimla a kan sunayen yara. Hanyar tsira ita ce matakin farko na naɗin kansa ya zama komawa wurin farawa, misali danna Ctrl da Home, wanda ke mayar da kai gurbin farko ko ina kake.

Lokacin naɗa

A Excel ana samun Record Macro a ƙarƙashin Macros a sashen View, ko a sashen Developer ga wanda ya kunna shi. A Google Sheets yana ƙarƙashin Extensions. A LibreOffice sai an fara shiga saituna an ba da izinin naɗa. Za a nemi suna, ka ba shi wanda zai faɗi aikinsa, ba tare da tazara tsakanin kalmomi ba, kamar jera_sakamako. Kafin ka taɓa komai akwai zaɓi guda da ya fi kowane muhimmanci, kuma kowane Bahaushe ya san shi daga kwatancen gida. Kana iya ce wa baƙo ya je gida mai lamba 14, kana kuma iya ce masa daga inda yake tsaye ya wuce gida ɗaya ya shiga na biyu. Na farko kafaffen adireshi ne, ko daga ina aka taso wuri ɗaya ake zuwa. Na biyu kwatance ne, ya dogara da inda mutum yake. Idan kana gurbin A2 ka matsa zuwa B2, Excel a ɗabi'arsa zai rubuta cewa a je B2. Idan ka kunna Use Relative References, sai ya rubuta cewa a matsa gurbi ɗaya dama. Motsin hannu ɗaya ne, ma'ana biyu, kuma kai kaɗai ka san wadda kake nufi. Kanun jadawali da kullum yake layin farko yana son kafaffen adireshi. Gyaran da za a yi wa duk layin da aka tsaya a kai yana son kwatance. A Excel kana iya kunna wannan maɓalli ka kashe a tsakiyar naɗi, gwargwadon abin da kowane mataki yake bukata.

Ƙa'ida ta biyu ta naɗa ita ce ka fifita madannai a kan linzami duk inda madannai suke faɗin nufi. Idan ka ja linzami daga layi na 2 zuwa na 41 don zaɓen ɗalibai 40, abin da aka naɗa shi ne daga 2 zuwa 41, kuma a aji mai yara 63 za a bar 23 a waje ba tare da wata ƙara ba. Idan kuwa ka tsaya a layi na 2 ka danna Ctrl da Shift da kibiyar ƙasa, abin da aka naɗa shi ne daga nan har ƙarshen bayanai, wanda shi ne ainihin nufinka. A kula dai, wannan dabara tana tsayawa a gurbin farko da ta tarar fanko, don haka a yi ta a layin tsaye da ba a barin giɓi a cikinsa, kamar na lambar ɗalibi. Haka abin yake ga masu naɗar aiki a shafukan intanet: gara manhaja ta gane maɓalli da sunansa da ta gane shi da wurin da yake a allo, kuma gara a ce mata ta jira har shafi ya buɗe da a ce ta jira daƙiƙa uku. Naɗin da aka yi da asuba lokacin da intanet ke gudu, idan aka sake shi da rana sa'ad da take jan ƙafa, zai danna maɓallin da bai riga ya bayyana ba. Da ka gama ka tsai da naɗin nan take, ka adana fayil ɗin Excel da ƙarshen xlsm, domin xlsx na yau da kullum ba ya riƙe makro. Kuma gara gajerun makro uku, kowane da aikinsa, da dogo guda wanda in ya lalace ba a san inda ya karye ba.

Koyarwa da misali

Raba sunaye ya fi dacewa da reshe na biyu, kuma a nan ne matsalar nufi take fitowa ƙarara. A ce layin farko yana ɗauke da Amina Bello, ka rubuta Bello a gurbin gefe, ka danna Ctrl da E, Flash Fill ya cika sauran. Me ka koya masa? Wataƙila ka ce a ɗauki kalma ta biyu. Wataƙila kalmar ƙarshe. Wataƙila duk abin da ya biyo bayan tazarar farko. Dukan ukun sun dace da misalinka, ba wadda ta saɓa. Sai an iso suna mai kalma uku, kamar Musa Garba Yakasai, hanyoyin suke rabuwa: ta farko za ta ba da Garba, ta biyu Yakasai, ta uku Garba Yakasai. Darasin shi ne misali mai sauƙi ba ya koyar da yawa, misalin da ke raba gardama tsakanin ƙa'idoji shi ke koyarwa. Saboda haka kafin ka ba da misali ka zagaya jerin ka tsamo masu wuya: mai suna uku, wanda aka sa wa Malam ko Hajiya a gaba, Abdul Aziz da aka rubuta a rabe, Nana Aisha da kalmomin biyu duk sunanta ne, Ɗanladi da wani ya rubuta da ƙugiya wani ya rubuta babu. Ka ba da amsar waɗannan da hannunka. Idan ya cika ka ga kuskure a wani gurbi, ka gyara shi a wurin, gyaran ƙarin misali ne da yakan sa ya sake duba ƙa'idarsa.

Lambobin waya ma suna koyar da wannan darasi. Lambar Nijeriya a rubutun gida tana da alƙaluma 11, tana farawa da sifiri, kuma idan za a mayar da ita ta ƙasa da ƙasa sai a cire sifirin a sa +234. Ta Nijar alƙaluma 8 ce, ba a cire mata komai, +227 kawai ake ɗorawa. Ɗan kasuwa mai abokan ciniki a Kano da Maraɗi, idan duk misalansa na Kano ne, manhaja za ta iya koyon cewa a kullum ana yanke alƙalami na farko, ta gutsure lambobin Maraɗi duka. Ga kuma tarkon da ke gaban wannan: Excel yakan ɗauki lambar waya a matsayin adadi ya zubar da sifirin farko, sai an mayar da layin na rubutu tun kafin a shigar da lambobin. A kuma tuna cewa abin da Flash Fill ya cika a tsaye yake, idan an gyara sunan asali daga baya, abin da aka ciro daga gare shi ba zai bi ba sai an sake cikawa. Wani lokaci kuma jeri yakan gauraye har babu ƙa'ida ɗaya da za ta rufe shi. A nan a kasa shi gida-gida, a koya wa kowane gida dabam, 'yan ragowar a yi su da hannu.

Gwaji da kiyayewa

Makro da ya yi aiki a kan fayil ɗin da aka naɗe shi bai tabbatar da komai ba, kamar ɗalibin da aka yi wa jarrabawa da tambayar da aka warware masa a allo ne. Gwaji na gaskiya a kan baƙon fayil ake yi: aji mafi yawa, aji mafi ƙanƙanta, aji mai yaron da bai zauna jarrabawa ba gurbinsa fanko, aji mai yara biyu da makinsu ya zo ɗaya. Ka sake shi sau biyu a kan fayil ɗaya ka ga ko zai ƙara goge layuka biyu, wannan karon na ɗalibai. Ka buɗe umarnin da ya rubuta ka duba, ko da ba ka iya harshen ba, domin idan idonka ya faɗa a kan lamba kamar 41 a ciki ka kama inci 40 ɗinka. Uwa uba, ka ƙidaya abin da ya shiga da abin da ya fita. A watan Oktoba na 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta bayyana cewa kusan mutum 16,000 da gwaji ya nuna suna ɗauke da korona ba su shiga ƙididdiga a kan lokaci ba, saboda tsarin da ke tattara sakamako da kansa yana zuba shi a tsohon nau'in fayil na Excel mai iyakar layuka kusan 65,000, abin da ya haura ya zube. Ba makro na nuni ba ne, amma cutar ɗaya ce: aikin da na'ura take yi da kanta yakan lalace shiru. A kwanakin farko ka bi salon Eager, ka yi aji ɗaya da hannu, ka bar makro ya yi shi a kwafi, ka gwama, sai sun dace sau da yawa ka sakar masa.

Bayan gwaji sai riƙo. Ka rubuta 'yar takarda mai faɗin abin da makro yake yi, inda ake farawa, da siffar fayil ɗin da yake tsammani, ka ajiye inda wanda zai gaje ka zai gani. Ranar da aka canja fom ko aka sabunta shafin intanet, ka ɗauka naɗin ya tsufa har sai ka sake gwada shi, domin idan kiɗa ya canja rawa ma sai ta canja. Kada ka rubuta kalmar sirri a filin naɗi, za ta iya zaunawa a cikin umarnin kowa ya karanta. Kada kuma ka ba makro na fayil ɗin da ba ka san asalinsa ba izinin aiki. A 1999 ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Melissa ta bazu a duniya ta cikin makro na fayil ɗin Word, tana aika kanta ga mutum 50 na farko a jerin adireshin wanda ya buɗe ta, kuma tun 2022 Microsoft yake toshe makro na fayilolin da aka sauko da su daga intanet sai an buɗe musu da gangan.

Abin da masu ja suke cewa

Masu rubuta manhaja sukan ce abin da aka naɗa ba shi da ƙwari, ƙaramin canji yake karya shi, gara mutum ya zauna ya koyi harshe kamar Python ya huta. Rabin maganar gaskiya ce. Naɗi yana karyewa, kuma akwai abin da ba ya nunuwa da hannu: sharaɗi. Ba za ka iya nuna cewa idan maki bai kai 40 ba a yi kaza, in ya kai a yi kaza, a cikin naɗi ɗaya ba, domin hanya ɗaya kawai ka bi a lokacin da ake kallonka. Aikin da sharuɗɗa suka yi masa yawa, ko wanda kuskurensa zai taɓa albashi ko lafiyar mutane, a kai shi ga gwani. Amma ofisoshi cike suke da ƙananan ayyukan da ba wanda zai ɗauki ƙwararre dominsu, kuma wanda ya san lungunansu shi ne mai yin su kullum. Shi ya san wane malami ke ƙara layi na uku. Bugu da ƙari, umarnin da mai naɗa yake rubutawa makaranta ce a buɗe: mutum ya yi abu da hannu, ya ga yadda aka faɗe shi da harshen kwamfuta, ya canja lamba ɗaya ya ga sakamako. Wanda zai koyi harshen daga baya ya riga ya taka matakalar farko.

Wasu kuma za su ce zamanin ya wuce, tunda yanzu akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira da za ka faɗa wa bukatarka da baki su rubuta maka umarnin. Suna da amfani, har wajen ƙara sharaɗin da naɗi ya kasa. Sai dai magana ma tana da harshen damo. Wanda ya ce a ciro sunan mahaifi bai warware batun Musa Garba Yakasai ba, ya dai mayar da shi daga hannu zuwa baki, kuma misali ne zai sake raba gardamar. Zaɓen aiki, ware abin da ke canjawa, aiki a kan kwafi, ƙidayar shiga da fita, ba ɗaya da ya faɗi. Akwai kuma amana: sunayen yara da makinsu ba abin da za a ɗora wa kowace manhajar intanet ba ne ba tare da izini ba, alhali makro na Excel a cikin kwamfutarka yake aikinsa. Game da tsoron cewa mai koya wa na'ura aikinsa yana haƙa wa kansa rami, ba za a ce babu ƙamshin gaskiya ba, domin awannin maimaici lalle za su ragu. Amma ragin yana tafe ko ya koya ko bai koya ba, kuma ma'aikacin da ya san yadda aka koyar, ya san inda abin ke karyewa, ya fi wuyar maye gurbi a kan wanda haƙuri kaɗai yake sayarwa.

Ja mafi nauyi shi ne wannan: idan sai na rubuta matakai, na ware mai canjawa, na zaɓi adireshi ko kwatance, na nemo misalai masu wuya, na yi gwaji, ashe tunanin mai rubuta manhaja nake yi, ina sauƙin da aka yi alkawari? Amsar ita ce e, tunanin nasa ne, kuma ba wata hanya da za ta ɗauke maka shi, domin ba wanda ya san nufinka sai kai. Abin da nuni ya ɗauke maka shi ne nahawun baƙon harshe, da haddar sunayen umarni, da waƙafin da idan ya ɓata komai ya tsaya, wato katangar da ta hana mafi yawan mutane shiga. Abin da ya bar maka kuwa ka riga ka iya shi. Duk wanda ya taɓa koya wa sabon yaro aiki a shago ko a ofis ya san yadda ake cewa wannan kullum haka ake yi, wannan kuwa duba za ka yi, kuma ya san ba a bar wa yaro mabuɗi ranar farko. Bambancin kawai shi ne wannan almajiri ba zai cike giɓin da ka bari da hankalinsa ba. Don haka ka fara da abu ƙarami: mataki ɗaya daga jerinka, kaurara kanu da daidaita faɗin layuka, a kan kwafin fayil ɗaya. Ka naɗa, ka sake shi a kan aji mafi yawan yara, ka ƙidaya layukan kafin da bayan. Idan sun dace, gobe ka ƙara masa mataki na biyu.